Mai-gadi Bai San Ta Turawa Ba

Rogo Ruma,
Litinin, 4 ga Agusta.

Zuwa ga Aƙilu Abdussalam, a Ƙaraye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta ɗan saki, jiya har ta taka zuwa bakin rijiya, sai dai hawan jinin yana nan. Ta ce a gaishe ka, na kuwa isar don amana ce. Gaisuwa ta ƙare ke nan.

Na ba Sulle direba wannan takarda ya kawo maka. Ba zan kira ka ba. Ka san layin waya ba ya shigowa gidan nan sai mutum ya hau tudun firamare, ni kuwa ba zan tsaya a bainar jama'a ina ɗaga murya da ƙanen bayana ba. Kuma abin da aka rubuta ba a musun sa.

Yau kwana biyar wayata ba ta shiga intanet ɗin da ka kafa mana. Ta ƙanena Musbahu tana shiga. Ta matarsa Sauda tana shiga, tana can kwance tana kallon masu girki. Tawa ce kaɗai ta mutu. Na tambayi akwatin nan mai magana da ka liƙa a bangon ɗakin Inna, wanda ka raɗa wa suna Mai-gadi, sai ya ce mini wai wannan waya ba ta cikin wayoyin gida. A gidan ubana, Aƙilu! Gidan da na share shekara shida ina jinyar mai shi.

Ka san yarinyar nan tawa ta Kumasi cikinta ya shiga wata na tara. Cikin fari ne, likita ya hana ta tafiya, ba ta zo goyon ciki ba, ba ta da kowa a can sai miji da yake wuni a kasuwa. Kullum da hantsi sai na gan ta a waya, na duba ko ƙafarta ta kumbura, na ga abin da ta ci. Yanzu sai dai in ari wayar Sauda, ita kuwa ta tsaya a kaina tana kasa kunne. Akwai maganar da uwa ba ta yi wa 'yarta a gaban matar kawu.

Na san dalili, ba yau aka haife ni ba. Tun da yarinyar ta ƙi ƙanenka Ja'afar ta zaɓi wanda take so, ni kuma na tsaya mata, kake gaishe ni da gefen baki. Shekara biyu kana neman inda za ka rama, ga shi ka samu. To ban ga jarumta a nan ba, mugunta na gani, muguntar ma ta ƙaramin mutum.

Ka mayar mini da wayata kafin Juma'a.

Ni ce,
Naja'atu Maman.

*

Ƙaraye,
Alhamis, 7 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Naja'atu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ji daɗin jin ƙafar Inna ta saki, Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai mura da ta zaga yara ta wuce. Ki ce wa Inna ɗanta yana amsawa da girmamawa.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau biyu, na biyun don in tabbatar ni ake nufi. Ƙaramin mutum! Ni da na hau rufin gidanku da kaina na kafa sandar intanet ɗin nan, na sauko da tafin hannu a yanke. Kakana da mahaifiyar Inna ciki ɗaya suka fito, amma ba don wannan na yi ba. Na yi ne don shekara uku da na zauna a hannunta ina makaranta a Rogo, ba ta taɓa bambanta kwanona da na Musbahu ba. Ke kuwa lokacin kina ina?

Bari in yi miki bayani, ko da yake na san kin riga kin yanke hukunci. Mai-gadi ba aljani ba ne, kuma ba ɗan saƙona ba ne. Mataimaki ne irin na zamani da ake yi wa magana ya amsa. Aikinsa ya duba layin da ya fi ƙarfi ya mayar da gida kansa, ya raba wa kowace waya rabonta, idan wani abu ya lalace ya sanar da ni a wayata. Watan jiya ya sanar da ni cewa wayoyi goma sha tara ne suke shan intanet ɗin gidan. Goma sha tara, a gidan mutum huɗu! Ashe wani ya ba da lambar sirri, samarin unguwa suna zama a bayan katanga suna kallon ƙwallo. Shi ya sa hoton 'yarki Bushra yake tsayawa idan kuna magana, da ke kanki kika yi ta ƙorafi a kai.

Sai na ce da shi ya tambayi mai gida sunayen mutanen gidanta, ya haɗa kowane suna da layin da aka yi wa rajista da shi, sauran ya rufe musu ƙofa. Ranar kin tafi ta'aziyya Yola. Ya tambayi Inna, ta lissafa. Ga jerin nan a wayata: Musbahu, Sauda, ita kanta, har da ni da nake Ƙaraye. Babu ke.

Ba ni na cire ki ba. Mahaifiyarki ce aka ce ta faɗi mutanen gidanta ba ta faɗe ki ba. Ki tambayi kanki dalili.

Maganar Ja'afar kuwa, ya yi aure bara, matarsa ma ta haihu, ba wanda ya mutu don an ƙi shi. Ke ce kike riƙe da abin.

Mayar da ke aikin minti ɗaya ne daga inda nake zaune. Amma ba a zagin mutum da hannun dama a miƙo masa na hagu. Ki rubuto layi ɗaya ki janye kalmar nan, in danna.

Naki,
Aƙilu.

*

Rogo Ruma,
Asabar, 9 ga Agusta.

Aƙilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta kwana biyu ba ta jin daɗin abinci, amma tana shan kunu. Ina fatan murar yaranka ba ta dawo ba, su ba su yi mini komai ba.

Ashe karatun boko yana cinye wa mutum hankalin gida. Wai in tambayi kaina dalili. Kai, a wane gari aka haife ka? Ni ce 'yar farin Inna. Tun da na zo duniya ka taɓa jin ta kama sunana? Shekara uku ka yi a gidan nan, me ka ji tana kirana idan na zo? Ta Turawa. Don ina da wata bakwai kakata ta ɗauke ni ta kai ni ƙauyen da ake kira Turawa, a can na girma, shi ne amsar tambayarka ta ina nake lokacin da kake cin tuwonta. Inna mutumiyar da ce. Ko 'yar maƙwabta ce mai irin sunana, takwara take ce mata. Ta fi son a yanke mata yatsa da ta faɗi sunan nan, kai kuma ka sa akwati ya titsiye ta.

Na tambaye ta a hankali yadda aka yi. Ta ce da ta gama lissafi ta ƙara da cewa, sai kuma waccan. Abin naka ya ce wace ce waccan? Ta ƙi kama suna. Ya ce to an kammala. Ka ji duk yadda aka kore ni daga gidan ubana.

Akwati bai san kunya ba, ban ga laifinsa ba. Kai ka sani. Ka ga jerin, ka ga babu ni, ka san dalili ko ya kamata ka sani, amma ka ɗauke shi ka soka mini a inda ka san zai yi zafi. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye maka ba. Ba don na yarda da kai ba, sai don akwai ranakun da ni kaina nakan yi wa kaina wannan tambaya, ba na buƙatar wani daga Ƙaraye ya taya ni.

Ba zan janye komai ba. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Ka danna abin daga can, kuma kada ka kuskura ka sake saka Inna a cikin wannan magana. Ta fara zargin kanta, ta ce ita ta jawo, shi ya sa ba ta cin abinci.

Naja'atu.

*

Ƙaraye,
Asabar, 16 ga Agusta.

Yaya Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna tana samun sauƙi. Nan lafiya, sai ruwa da ake ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Yau kwana tara da na rubuto miki, ko gaisuwa ban samu ba. Na gane. Ni ban kai a ba ni amsa ba. Sai dai ga shi labari yana zuwar mini ta wasu bakunan. Sauda ta gaya wa matata a waya cewa kin ce a gaban matan da suka zo duba Inna wai ina zaune a Ƙaraye ina juya gidan Malam Maman da ɗan yatsa, in buɗe wa wanda na so in rufe wa wanda na ƙi, wai gobe ma gonar zan ce tawa ce. Ni da aikin ofishin hakimi nake yi, kullum ina rubuta shari'ar gado, na san inda irin wannan magana take kai mutum.

To na sauke muku kayanku. Jiya na cire kaina daga Mai-gadi gaba ɗaya. Na goge shi daga wayata, na ce masa daga yau muryar mai gida kaɗai zai bi, wato Inna, Hajiya Kubura. Ba ni, ba Musbahu, ba kowa. Ko ni na zo na roƙe shi ba zai saurare ni ba. Duk wanda take so a saka, ta faɗi sunansa kamar yadda yake a rajistar layinsa, nan take zai buɗe. Yanzu ba mai cewa ina riƙe da wuyan wani.

Ki je wurin mahaifiyarki ki nema. Ku kuka san tsakaninku.

Aƙilu.

*

Ƙaraye,
Talata, 19 ga Agusta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna? Don Allah a lallaɓa ta ci abinci.

Yau da safe Sulle ya kawo mini takardarki ta ranar 9 ga wata, duk ta yi baƙin mai. Motarsa ce ta lalace ta kwana goma a gareji, takardar tana cikin aljihun ƙofa. Wadda na aiko miki ranar Asabar wani ɗan acaɓa na ba, ban san taki tana hanya ba.

Na karanta. Wallahi ban kawo maganar 'yar fari a raina ba. Na ga jeri a waya na ɗauke shi jeri. Amma maganar ki tambayi kanki dalili, wannan da gayya na rubuta, don ki ji zafi kamar yadda na ji. Ban ce ke ma kin yi daidai ba. Da ba ki fara da zagi ba da tun ranar farko an gama.

Ga inda muke. Abin da na yi ba ya warwaruwa daga nan. Na gwada tun safe, na yi magiya da masu kamfanin, suka ce tsarin haka yake don kada wani ya ƙwace wa mai gida ikonsa. Hanya biyu ce. Ko Inna ta faɗa da bakinta, ko in zo da kaina in danna ɗan maɓallin da yake bayan akwatin, ya manta da komai da kowa, mu sake kafa shi daga farko. Kada ki bar Musbahu ya taɓa, idan ya goge ba zai iya tayar da shi ba, gidan duka ya zauna a duhu. Ni kuwa muna zagayen ƙauyukan da ruwa ya yi wa ɓarna tare da hakimi, ba zan samu kaina ba sai Alhamis ta sama, 28 ga wata.

Na san abin da za ki ce, amma zan faɗa. Sau ɗaya ne fa. Ku fita duka, a rufe ƙofa, ta faɗa wa bango. Akwati ba mutum ba ne, ba wanda za ta ji kunya. Bushra ba za ta jira Alhamis don al'ada ba.

Naki,
Aƙilu.

*

Rogo Ruma,
Alhamis, 21 ga Agusta.

Aƙilu,

Salam. Inna tana nan yadda take. Ni kuwa ba lafiya ba, kai ne ciwon.

Takardunka biyu sun zo a jere, ta fushi da ta nadama. Ihu bayan hari. Ka yi fushi da shirun da ban yi ba, ka ɗauki makulli ka jefa a rijiya, yanzu kana ce wa tsohuwa mai shekara saba'in ta shiga ta ciro. Wai ta faɗa wa bango. Kai kana ganin mu take jin kunya? Ko ita kaɗai ce a daji ba za ta faɗa ba. Ba ka san matar da ta riƙe ka ba.

Ba tare da na sa ta ba, shekaranjiya ta gwada. Ta ce da shi a saka Ta Turawa. Ya ce bai sami layi mai wannan suna ba. Ta ce babbar yayar Musbahu. Ya ce yana buƙatar cikakken suna. Ta ce masa kai ɗan nan ba ka da kunya? Ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya sake neman cikakken suna. Sauda ta yi ta dariya a tsakar gida. Inna ta juya fuska bango. Na ce mata ta bari, na rantse mata ba na so.

Ga ƙarin abin da ba ka sani ba. Mahaifin Sauda ba shi da lafiya, jibi za ta tafi gida da wayarta. Musbahu kuwa tun asuba yake fita kasuwa da tasa. Daga ranar sai dai in bar Inna ita kaɗai in hau tudu, in ji rabin magana, rabi iska ta kwashe. Jiya na hau tudun don kada Sauda ta kasa kunne, yarinyar ta ce mini bayanta yana riƙewa. Ban ga fuskarta ba, ban san ko tana ɓoye mini wani abu ba, ita kuwa gwanar ɓoyewa ce.

Idan wani abu ya same ta ban gani ba, Aƙilu, kada ka zo mini gaisuwa. Ka zo Alhamis ka danna maɓallinka ka koma. Ba sai ka shigo ɗakina ba.

Naja'atu.

*

Rogo Ruma,
Talata, 26 ga Agusta.

Aƙilu,

Assalamu alaikum. Yarinyar ta sauka jiya bayan azahar, mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ka gaya wa matarka, ita tana da kirki. Wannan takarda na ce da Sulle ya sa ta a aljihun rigarsa, kuma ya damƙa maka hannu da hannu yau, ko a wane ƙauye kake.

Jiya da hantsi na hau tudu. Mijin ne ya ɗauka. Abin da na iya ji shi ne asibiti, da jini, da wai ana jiran likita, sai layi ya yanke. Na kira ya fi sau ashirin bai shiga ba. Hadari ya taso, ga Inna ita kaɗai a gida, dole na sauko. Na shiga madafi na zauna kusa da murhu ina kuka, na toshe bakina da zane don kada ta ji. Ta ji.

Na ji ƙarar sandarta, na ji ta tura ƙofar ɗakinta ta saka sakata. Ka san bangon madafi da na ɗakinta ɗaya ne, kuma akwai tagar nan ta sama. Ta yi wa akwatin sallama kamar mutum. Ta ce akwai wadda za a saka. Ya ce ta faɗi suna. Sai ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ni ma ban ji ba. Ya ce bai ji ba, ta maimaita. Ta sake, ya ce ruwan sama yana hana shi ji, ta ɗaga murya. Da ina da taɓarya a hannu da na fasa shi.

Na uku ta faɗa da ƙarfi. Naja'atu Maman. Sai ta ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, 'yata ce, ta fari.

Wayar da take ƙuguna ta fara rawa, saƙon kwana ashirin da shida yana shigowa. Na kira, na ga yarinyar a kan gado, ta ga ni, na yi ta yi mata magana har aka shiga da ita. Bayan awa uku mijin ya nuna mini jaririyar.

Inna ba ta fito ba sai magariba. Har yanzu ba ta haɗa ido da ni ba. Na kai mata hoton jaririyar ta karɓa tana kallon gefe, ta ce Ta Turawa ta yi jika. Ba ta san na ji ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Idan ka gaya wa wani, ni da kai har abada.

Kada ka ɗauka na yafe maka. Ka sa tsohuwa ta yi abin da ta shekara arba'in da shida tana kiyayewa, a gaban akwati, don kawai ka huce haushi. Wannan yana wuyanka. Ni kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na kasa yin baƙin ciki yadda ya kamata.

Ga dalilin gaggawar. Da Inna ta shiga wanka yau na tambayi Mai-gadi ko yana riƙe abin da aka gaya masa. Ya ce yana ajiye muryar umarni kwana bakwai sannan ya goge, kuma ba zai kunna wa kowa ba sai da izinin mai gida. Ni ba zan iya tambayarta ba. Kai ne ka san hanyarsu, kai ne kake magana da masu kamfanin.

Ka zo Alhamis kamar yadda ka ce. Kada ka taɓa maɓallin nan na baya, ko da wasa. Ka san yadda za ka yi ka ciro mini muryar ka saka a wayata. Sau ɗaya na ji, ta cikin bango, ruwa yana dukan kwano, kuma na san ba za ta sake ba.

Ni ce,
Naja'atu Maman.